Ta Mutu, In Ji Oga

Saura sati shida surukina ya yi ritaya lokacin da abin ya faru, kuma duk wanda ke aiki a ofishinmu na kashe gobara ya san nauyin sati shidan nan. Shekara talatin da ɗaya yana aiki, sha tara a ciki shi ne shugabanmu, kuma ba a taɓa rubuta cewa wani ma'aikaci ya ji rauni a ƙarƙashinsa ba. Ko mutum ɗaya. A kan haka ne hedikwata ta aiko cewa za a rataya masa lambar yabo ranar sallama. Tun ranar da takardar ta iso ya kai fararen kakinsa guga, ya rataye su a bayan ƙofar ofis cikin leda, kullum da safe sai ya ɗaga ledar ya leƙa ko sun gudu.

Ka lura na ce ba a taɓa rubutawa ba, ban ce ba a taɓa ji ba. Dogo, direban motarmu, akwai shekarar da ƙarfe ya ƙone masa tafin hannu a gobarar wani shagon fenti. In ka buɗe fayil ɗinsa kuwa, za ka ga wai a gida ya ƙone wajen sauke butar shayi. Mu duk mun sani, shi ma ya sani, amma yanzu in baƙo ya tambaye shi tabon, butar yake cewa ko ido ba ya ƙiftawa.

A gida Baba nake ce wa mutumin, don 'yarsa ta fari nake aure, wadda yake kira Uwata. A ofis Yallaɓai ne, a bayan idonsa Oga. Ni saje ne, shekarata sha huɗu a aiki, kuma in an kira mu wurin hatsarin mota, gaban mota ne nawa. Ni ke buɗe bonet in cire wayar batir, don kada tartsatsi ya haɗu da fetur yayin da sauran ke yanka ƙofa su ciro wanda ya maƙale.

Oga yana da doka guda ɗaya, kuma ba zan ci haƙƙinsa ba, a zamaninta doka ce mai kyau. Ba wanda ya isa ya taɓa motar da ta yi hatsari sai shi da kansa ya zura hannu ta taga, ya murɗa makulli, ya zare shi, ya ɗaga sama inda kowa zai gani, ya daka tsawa: "Ta mutu!" Mu kuma mu amsa gaba ɗaya: "Ta mutu, Yallaɓai!" Sannan kowa ya hau aikinsa. Kullum da safe bayan fareti sai mun gwada wannan a kan wata tsohuwar mota da ke bayan ofis, wadda ba ta da inji tun kafin a ɗauke ni aiki, kajin maigadi ke ƙwai a kujerarta ta baya. Sau dubu nawa motar nan ta mutu a bakinmu, Allah kaɗai ya sani.

Wata biyu kafin abin, hedikwata ta turo mana wata injiniya da majiginta da tarin ƙananan takardu, ta koya mana sababbin motoci. Muka jera kujeru a ɗakin cin abinci, aka rufe taga da bargo. Ta ce yanzu motoci da yawa ba su da ramin makulli. Ɗan rimot ne, yana iya zama a aljihun direba ko a jakar mata, mutum ya taka birki ya danna maɓalli kawai ta tashi. Ta ce wasunsu in sun tsaya injin kan yi tsit, batir ya karɓa, ka rantse a kashe suke alhali a kunne suke, giya a ciki, jira kawai suke a ɗaga ƙafa daga birki. Don haka a fara sa weji, wato abin tokare, a taya, a mayar da giya wurin tsayawa, a danna maɓallin, a ga fitilun gaban direba sun ɗauke. Bayan duk wannan ne za a nisanta rimot ɗin da motar, kada wani ya sake tayar da ita bisa kuskure.

"Ku riƙe wannan da kyau," in ji ta. "Ɗauke rimot ba ya kashe motar da take a kunne."

Oga yana kujerar gaba, hannaye a harɗe, idanu a rufe, wai nazari yake. Mu da ke bayansa muna jin nazarin yana fita ta hanci. Ya farka daidai inda take maganar nisanta rimot, ya gyaɗa kai sau biyu, ya koma. Da ta gama ta ce ko akwai tambaya, ya miƙe ya gyara bel.

"'Yata, sannu da ƙoƙari. Ni dai maɓalli a riga na san shi. Mota kuwa makulli."

Ɗakin ya fashe da dariya.

"Kin taɓa shiga gobara?"

"A'a, Yallaɓai."

"To," in ji shi, ya zauna.

Ba zan ɓoye ba, dariyata ta fi ta kowa ƙarfi. In surukinka ya yi raha a gaban mutane, kai ne farkon dariya, kai ne na ƙarshen dainawa. Baiwar Allah ta naɗe wayoyinta ta tafi, takardunta kuwa suka watse a ofis, wata ta zama mafici, wata aka ninke ta aka tokare ƙafar tebur.

Guda ɗaya ta bi ni gida a aljihu. Matata malamar makaranta ce, takarda ba ta shiga gidanmu ta fita ba a karanta ta ba, ko da ta naɗin sabulu ce. Ta tsince ta wajen wanki, ta karanta a tsaye, ta biyo ni falo da kumfa a hannu.

"Kai ne ke tsayawa a gaban motar, ko ba kai ba?"

"Ni ne."

"To ka gaya wa Baba."

Ranar Asabar da muka je gaishe su na gwada. Na bari sai da aka kawo masa shayi, na sunkuyar da kai, na ce, "Baba, maganar injiniyar nan, na ce ko za mu ɗan ƙara sa weji da duba fitila, ba wai a bar dokar ba..."

Ya ajiye kofi. "Saje, gaisuwa ka zo ko lacca?"

Na ce gaisuwa. Muka koma maganar tsadar taya.

Ranar Laraba ce, wajen sha ɗaya na safe, aka kira mu. Wata tifa ta daki wata farar ƙaramar mota a mahaɗar titi, ta gefen direba. Motar ta juya ta hau gefen hanya, ta tsaya da hancinta yana kallon bangon wani shagon kayan gini, tsakaninsu bai fi taku biyu ba. Mace ce a ciki, a farke take, jini kaɗan a goshi, amma ƙofar ta lotsa ta danne mata cinya, ba halin fita. Ta riga ta kira mijinta a waya, har ya riga mu isowa: wani mai tumbi da taye da biro biyu a aljihu, yana zagaya motar yana yarfe hannu. Jama'a sun cika wurin, kowa ya ɗaga waya.

Motar shiru. Ko ɗigon ƙara babu.

Oga ya sauko, ya ga wayoyi, ya ƙara gyara tafiya. Ya isa taga, ya zura hannu gefen sitiyari, ya lalaba. Ya sake lalabawa. Ya leƙa da kansa, ya lalaba ɗaya gefen, har ya kunna mata abin goge gilashi.

"Baiwar Allah, ina makullin?"

"Yana cikin jaka," in ji ta da ƙyar.

Ya jawo jakar ya ɗora a rufin mota, ya shiga tono a gaban duniya. Cajar waya ta fito, safar yaro ƙwaya ɗaya, man shafawa, rabin biskit. Can ƙasa ya samo ɗan baƙin rimot. Ya juya shi, ya ga ba wani ƙarfe da za a murɗa, amma ai makulli makulli ne. Ya ɗaga shi sama.

"Ta mutu!"

Mu takwas muka amsa da iyakar ƙarfinmu: "Ta mutu, Yallaɓai!"

Sai muka ji wani abu ya faɗi tim a bayanmu. Mijin ne. Ya zube a ƙasa, hannu biyu a ka, yana salati yana kiran sunanta, yana cewa ai yanzu ya yi magana da ita, yanzu yanzun nan. Kafin a kai gare shi har ya danna waya yana cewa, "Mama, ta rasu, shugabansu ne ya faɗa." Matar daga cikin mota tana ɗaga murya, "Ban mutu ba! Don Allah ku ɗaga shi, hawan jini gare shi!" Ma'aikatan motar asibiti biyu da suka zo dominta suka koma kansa suna yi masa fifita. Rabin taron na dariya, rabi na salati, don su ma ba su san wadda ta mutu ba.

A cikin wannan hayaniya na tuna takardar. Ba weji a taya. Ba wanda ya duba giya. Daga inda nake ina hango wata 'yar koriyar fitila a gaban sitiyari. Na matsa kusa da Oga, na yi ƙasa da murya.

"Yallaɓai, kamar akwai fitila a..."

Ya juyo ya ƙare mini kallo, ya ɗaga murya yadda wayoyin za su ji.

"Saje, na ce ta mutu."

Na ji tsoro, wallahi na ji. Amma tsoron in ƙaryata shi a gaban mutum ɗari ya fi tsoron motar, kuma har yau in na tuna wannan sai in ji haushin kaina ya fi na kowa. Na ɗauki ƙarfen ɓamɓara na shiga tsakanin motar da bangon.

Bonet ɗin ya lanƙwashe, ya ƙi buɗuwa. Na kafa ƙafar dama gaba, na sa ƙarfe ina ɓamɓara. Su Dogo suka sa almakashin ƙarfe a ƙofa, minti uku suka cire ta. Ina jin matar tana ƙoƙarin magana.

"Ƙafata tana kan..."

"Yi shiru, baiwar Allah, kar ki wahalar da kanki."

"A'a, ƙafata ce ke..."

"Mun gani, yanzu za mu ciro ta."

Suka ƙirga ɗaya, biyu, uku, suka ɗaga ta. Ashe tun da tifa ta buge ta ƙafarta ke kan birki, ita kaɗai ke riƙe da motar. Wajen zamewa ma tafin ƙafar ya ɗan shafi totur.

Ban ji ƙarar komai ba. Na dai ji abu ya tokare mini gwiwa, har na buɗe baki zan ce wane marar hankali ne ya jingina da mota. Sai bayana ya haɗu da bango. Sai na ji ƙas, kamar an taka busasshen kara, sannan wani ƙas ɗin. Ban san ina da irin muryar da ta fita daga bakina ba.

Wuri ya rikice. Mutanenmu suka hau ihu, "Kashe ta! A kashe ta! Ku kashe ta mana!" Mijin kuwa a lokacin ya farfaɗo, ya buɗe ido ya ga matarsa da rai a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, ƙarti bakwai a kanta suna ihun a kashe ta. Bawan Allah ya tashi da tumbinsa da komai ya shaƙe wuyan Dogo ta baya.

Oga yana riƙe da rimot yana dannawa. Ya danna na farko, ƙofofin da suka rage suka kulle. Ya danna na biyu, but ɗin baya ya buɗe. Ya danna na uku, hon ya fara kuka, fitilu na walƙiya. Motar kuwa tana nan tana matsa ni a hankali, ba gaggawa, ina jin ƙashin yana motsi a ciki. Na ga fuskar Oga ta canja, alamar wani abu ya faɗo masa daga darasin da ya kwana a ciki. A nisanta rimot.

Surukina, mai shekara sittin, ya ɗaga rimot sama ya ranta a na kare. Ya tsallaka titi, hular kwano ta faɗi tana gangarawa, bai waiwaya ba. Ya kai ɗaya gefen, ya tsaya ya juyo ya duba, ya ga motar ba ta mutu ba, ya ƙara gudu. Ya wuce mai faci, ya wuce kantin magani. Duk wayoyin da ke wurin suka juya suka bi shi.

Matar ce ta cece ni. Daga kan gadon, da jini a ido, ta ƙwala ihu wanda ya fi hon ɗin ƙarfi.

"Maigida, sake shi! Mota suke nufi! Kai dogon nan, shiga ka taka birki! Sa ribas! Yauwa! Yanzu danna maɓallin, ga shi nan kusa da sitiyari!"

Dogo ya shiga ta inda suka cire ƙofa, ya yi yadda ta ce. Motar ta ja baya, na sulale na zauna a gindin bango. Ya danna maɓallin, koriyar fitilar ta ɗauke, hon ya yi shiru.

Ana ɗora ni a motar asibiti Oga ya dawo yana haki, gumi ya jiƙe kakinsa, rimot har yanzu a sama. Ya dubi motar, ya dubi jama'a.

"Kun gani ko? Sai da na yi nisa sosai sannan ta mutu."

Mijin matar ne kawai ya miƙa hannu ya ce a ba shi makullinsu.

Karaya biyu ce a ƙasan gwiwa. Aka yi mini aiki, aka sa ƙarfe da kusoshi. Likita ya ce zan taka, amma tsani da gudu da ɗaukar mutum a kafaɗa, in manta da su. Wato dai aikin da na iya ya ƙare, sai dai a nemo mini tebur.

Bidiyon gudun Oga ya zaga gari kafin in farfaɗo daga allura. Har kiɗa aka sa masa. Na ɗauka shi ke nan, lambar yabo ta tafi. Ashe ban san hedikwata ba. Oga ya rubuta musu cewa abin da aka gani sabuwar dabarar nisanta makulli ce, wadda injiniyarsu ta koyar, shi kuma ya aiwatar da ita da ƙafarsa duk da shekarunsa. Suka aiko masa da takardar jinjina. Cikin bidiyo goma sha wani abu da ke yawo, babu ko ɗaya da ya nuna sajen da ke manne a bango, don kowa Oga ya bi.

Saura ni kenan. Ni da ƙafata.

Rana ta huɗu ya zo da rana tsaka, da ledar ayaba da lemu a hannu ɗaya, fayil a ɗaya hannun. Matata tana zaune a gefen gado. Ya tambayi jiki, ya yi addu'a, ya yaba tsaftar asibitin, ya duba ruwan da ake ƙara mini kamar ya san kansa.

"Uwata, je ki samo mini ruwan sanyi."

"Ga shi nan a fulas, Baba."

Ta zuba masa, ta koma ta tsaya a bakin taga, ta ba mu baya. Ya ga ba fita za ta yi ba, ya buɗe fayil ɗin. Takarda biyu ce. Ta farko ta ce na ɗauki hutu tun ranar Litinin. Ta biyu ta ce ranar Laraba na hau gyaran rufin gidana, tsani ya zame da ni. An buga su tsaf, an sa hatimi, wurin sa hannuna kaɗai ya rage, har an yi masa alama da fensir don kada in sha wahalar nema.

Na karanta sau biyu. Raina ya ɓaci, amma da na buɗe baki muryar gaisuwa ce ta fito.

"Baba, in na sa hannu, za a canja dokar?"

"Wace doka?"

"Ta makulli. A sa weji, a duba fitila, a danna maɓalli. Gobe wani ne zai tsaya inda na tsaya."

Ya juya kofin a hannu. A karon farko na ga tsufansa sosai, fatar wuyansa ta saki, akwai inda reza ta tsallake a haɓarsa.

"In na canja ta yanzu, za a ce me ya faru. In na tafi, wanda ya gaje ni ya yi abin da ya ga dama." Ya miƙo biro. "Sati biyar ne kawai, ɗana."

Shekara goma sha ɗaya ina auren 'yarsa, bai taɓa ce mini ɗana ba. Na dubi matata. Tana nan a taga, ba ta juyo ba, kafaɗunta a sandare. Na ce a raina ubanta ne, kunya ce ta hana ta roƙona da baki. Na karɓi biro na sa hannu a duka biyun.

Ya sa mini albarka mai tsawo, ya rufe fayil, ya ce Uwata ta riƙa ba ni ayaba don tana haɗa ƙashi. Ya bar mana kwafi ɗaya ya fita. Ina jin takunsa a baranda, har ya fara gaisawa da nas-nas da muryarsa ta fareti.

Ta ɗauki kwafin ta karanta a tsaye.

"Wane rufi?"

"Na'am?"

"A ƙasan bene muke. Hawa uku ne a kanmu. Rufin wa ka hau?"

"Ai don ke na yi."

"Na roƙe ka?"

Ta ninke takardar gida huɗu ta sa a jaka, ta zauna, ta ɗauki ayaba ta fara ɓarewa, hawaye na zuba a kan hannunta.

"Ni jira nake in ji ka ce a'a," in ji ta. "Ni ba zan iya ce masa ba, ubana ne. Na ce kai da aka karya, ko kai za ka iya."

Ta miƙo mini ayabar. Na ci, don ban san me zan yi da ita ba.

Dogo ya zo bayan mako guda, ranar Lahadi, da shatin yatsun mutumin nan har yanzu a wuyansa. Ya zauna ya dubi ƙafar, ya ɗaga mini tafin hannunsa mai tabo.

"Barka da shigowa ƙungiya, Saje. Ni buta, kai rufi."

Ya ce washegarin zuwan Oga asibiti, an tara su a fareti an yi musu huɗuba a kan haɗarin hawa tsani a gida ba tare da mai riƙewa ba. Mutum bakwai da suka ɗauke ni daga gindin bango suna tsaye suna cewa, "Haka ne, Yallaɓai." Daga nan aka zaga baya aka kashe motar kaji sau uku.

"To yanzu in kun fita fa?"

"Muna amsa masa yadda ya saba. In ya ce ta mutu, mu ce ta mutu. Sai in yi kamar igiyar takalmina ta kwance, in sunkuya in tura weji. Kofur ɗinmu kuma ya yi kamar yana gaida wanda ke ciki, ya danna maɓallin. Sau biyu mun yi, bai gane ba."

"In ya gane fa?"

"Sai mu ce takalmin ne." Ya ɗauki lemu ɗaya ya sa a aljihu. "Wallahi ƙirga kwanaki muke, har mun fi shi."

Ranar sallamar Oga na fito da sanduna biyu. Matata ba ta so mu je ba, ni na dage, na ce tunda na saya da ƙafata, sai na ga abin da na saya. An yi taron a babban ɗakin hedikwata da safe, kujeru masu fararen riguna, fanka na juyawa. Fararen kakin sun fito daga leda, sun yi masa kyau, ba zan yi ƙarya ba. Darakta ya hau ya karanta tarihinsa, ya zo wurin da ake jira, ya sassauta murya: shekara talatin da ɗaya, ba ma'aikaci ko ɗaya da ya ji rauni a ƙarƙashin wannan bawan Allah. Ɗaki ya miƙe tsaye ana tafi. Ni ban iya miƙewa da sauri ba, kafin in tattaro sanduna har an zauna.

Injiniyar nan ma tana wurin, an kira ta ta miƙa masa takardar jinjina a matsayin ɗalibinta da ya fi kowa aiki da darasi. Ta miƙa, ta yi murmushin hoto, idonta ya sauka a kan ƙafata ya daɗe. Oga ya karɓi makirfo ya gode wa Allah, ya gode wa hukuma, ya ce sirrin aikinsa ɗaya ne, bai taɓa ɗaukar ma'aikatansa a matsayin ma'aikata ba, 'ya'yansa ne. Muryarsa ta karye a nan, kuma na yarda da gaske ta karye. Dogo yana layin baya yana duba igiyar takalminsa.

Aka zo hotuna a bakin matakala. Na ma'aikata aka fara. Na dogara sanduna na nufi layi, wani mai kula da tsari da kati a wuya ya tare ni da ladabi.

"Malam, ɗan koma gefe da sandunan nan, hoton na hukuma ne."

Na koma gefe. Oga ya ga abin, ya ɗauke kai yana gyara lambar a ƙirjinsa.

Sai aka kira iyali. Surukata ta tsaya a damansa, ƙannen matata suka jeru, jikoki a gaba, namu biyu a ciki. Ya bar wuri a hagunsa, ya ɗaga hannu yana murmushi.

"Uwata, zo nan kusa da ni."

Matata ta rataya jakarta, ta karɓi sandata ɗaya, ta sa kafaɗarta a ƙarƙashin hannuna.

"Ku ɗauka, Baba. Ƙafarsa ba ta son tsayuwa, zan kai shi mota."

"Minti ɗaya ne. Uwata."

Matakala goma sha ɗaya ce, ba wurin gangara. Muka fara sauka ɗaya bayan ɗaya, ita ta fara sa ƙafa sannan ni. Ya sake kiran ta, wannan karon ba da muryar fareti ba. Ba ta waiwaya ba, ta ce mini in kula, ta gaba tana da tsagewa. Muna kan ta shida na ji mai hoto yana cewa a ɗan matso a rufe wurin da ya rage.